Jan Zane a Gefen Shafi

Shekara huɗu na yi a Gure, amma in aka ce in faɗi abin da na fi tunawa, ba aikin da gwamnati ta tura ni yi zan faɗa ba. Wani littafi ne mai shafi ɗari uku da 'yan kai, da wani tsoho da bai gane komai a cikinsa ba, amma ya ƙudura sai ya gyara shi kaf kafin idonsa ya rufe.

Daga Tawa aka yi mini afektasiyo, wato canjin wurin aiki, zuwa can. Aikina a ofishin lafiya shi ne tattara rahoton wata-wata da ke zuwa daga ƙananan asibitocin karkara, na wajen Kelle da Bune da sauransu. Kowane majo, wato shugaban ƙaramin asibiti, da irin tasa hanyar rubutawa, ni kuwa zuciyata a kusa take, sai in yini ina faɗa da takardu ni kaɗai. Ana nan na samu wata manhajar rubutu ta kyauta na sa a ordinater, wato kwamfuta. Ba ta da ado ko kaɗan, baƙin fili ne da haruffa. Amfaninta shi ne kana iya rubuta mata umarni, ta yi maka a ƙiftawar ido aikin da zai ci maka yini. Sai dai dole ka san yarenta, yaren kuwa yana cikin wani littafin jagora mai kama da ƙamus: kowane umarni, abin da ake ba shi, da abin da yake mayarwa. Wasu 'yan sa-kai ne suka juya shi zuwa Faransanci. Rezo, wato sabis na waya da intanet, a Gure yau akwai gobe babu, don haka da na je Damagaram na sa aka buga mini shi duka a takarda, aka ɗinke.

Gidan da nake haya na wani tsohon dirakter ne na lakwal, wato shugaban makarantar boko, wanda ya daɗe da ajiye alli. Kowa Mushe yake ce masa, wato malam a bakin 'yan lakwal, har limamin unguwa. A cikin gida Barbarci suke yi da matarsa, wadda nake kira Inna, a kasuwa Hausa, Faransanci kuwa ya ajiye shi don ranar faɗa. Rabin ma'aikatan garin ta hannunsa suka bi, kuma har lokacin in suka hango shi sai ka ga sun gyara tafiya. Abin da ake tuna shi da shi dikte ne, wato shifta. An ce tun da ya fara koyarwa fot ɗaya, wato kuskuren rubutu, ba ta taɓa wuce idonsa ba, shi ma bai taɓa musa maganar ba.

Kullum bayan la'asar yana shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ni kuma in dafa shayi. Wata rana na bar littafin a kan tabarmar na shiga ɗauko sukari. Ina fitowa na tarar ya kafa shi a hanci, da jan bik, wato biro, a hannu.

"Ba'adare," ya ce, haka yake kirana don ni mutumin Tawa ne, "wane jaki ne ya rubuta wannan?"

"Mushe, masana ne daga ƙasashen waje."

"Fot bakwai a shafi guda? A ajina zero ke nan, ko daga sama suka faɗo."

Na karɓa na duba. Ya yi wa shafin jina-jina. Har akwatunan da ke ɗauke da umarnin kansu bai bari ba, duk ya raba kalmomin da aka manne, ya soke alamomin da bai sani ba. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa abin da ke cikin akwati na'ura ake yi wa magana, in aka taɓa ɗigo ɗaya ta ƙi aiki. Ya daɗe yana harararsu, sannan ya ce to, rubutun aljanu ya bar wa aljanu, amma duk abin da ke wajen akwati ɗan Adam aka rubuta wa, kuma wannan hurumin sa ne. Da muka cire na cikin akwati, fot uku suka rage, kuma duk ukun na gaske ne. Sau nawa na karanta shafin nan ban gan su ba.

Daga ranar ya zama aiki. Shafi biyu kullum, ba ƙari ba ragi. Yadda yake karatun ma abin kallo ne. Ba ya farawa daga sama. Sai ya aza regil ɗinsa, wato rula ta katako, a layin ƙarshe, ya karanta daga kalmar ƙarshe yana komawa baya, kalma ɗaya-ɗaya, har ya kai kan shafi. Ya ce in ka bi magana ta gaba, ma'ana ce take jan ka da gudu, idonka ya riƙa ganin abin da ya kamata a rubuta maimakon abin da aka rubuta. Ni dai dariya nake yi masa a ciki, ban taɓa gwadawa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan ranar farko bai sake nuna mini inda kuskure yake ba. Ɗan jan zane kawai yake yi a gefen shafi daidai layin, ya miƙo mini. Ni zan nemo fot ɗin. In na nemo, in kwafe kalmar daidai sau goma a wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da ya sa na saya.

"Mushe, ai ba ni na rubuta littafin ba."

"Wa ya shigo da shi gidana?"

Haka na koma ɗan aji da furfura a gemuna, ina kwafar kalma sau goma, shayi yana hucewa, masu wucewa suna gaishe mu suna guntse dariya.

Daga baya na gano cewa masu kula da littafin suna karɓar gyara daga kowa. Duk ranar da rezo ya yi kirki sai in tattara abin da muka samu in aika. Bayan kwana biyu ko uku amsa ta zo, layi ɗaya na godiya, kuma in ka buɗe sabon littafin a na'ura ka ga an gyara. Ranar da na fara nuna masa, sai da ya sa na maimaita bayanin sau biyu. Ya tambaya wane ne dirakter ɗinsu, na ce ba su da shi. Ya tambaya ko sun yi gardama, na ce ko kaɗan. Ya gyara hula, ya ce rabon da ya ga ɗalibai masu jin magana irin waɗannan an daɗe. Har yau ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, su ma ba su san cewa wani tsoho ne a ƙofar zaure yake bin su da jan bik ba.

Inna ce ta fara gaya mini maganar idon, wata safiya da ta miƙo mini kunu. Ta ce sun je Damagaram, an ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, ciwon suga ne ya taɓa can ciki, kuma baya-baya abin zai riƙa yi. Ni ma'aikacin lafiya ne, na san me hakan ke nufi. Da yamma yana ganina ya karanci fuskata.

"Ta gaya maka ke nan. To, ji nan. Ba na son sannu. Littafin nan nake so in kai shafinsa na ƙarshe da idona, ba da na wani ba. Shi ne kayen ƙarshe da zan duba."

A lokacin muna wajen shafi na ɗari da ashirin.

Watannin da suka biyo baya su ne nake kewa. Ran Lahadi mukan ɗauki littafin mu tafi garkar ƙaninsa da ke cikin wani kwari a bayan gari. Sai ka yi ta haurawa tudun rairayi kana haki, ba ka ganin komai sai ƙasa da sama, kana kaiwa bisa sai ga kore shar a ƙasanka, dabino da rogo da rake. Can ƙasa akwai sanyi ko da rana ta take. Masu ban-ruwa su ɗago su ce masa wushe, wato sannu, ya amsa da Barbarci ba tare da ya ɗaga ido daga regil ba. Har yanzu akwai shafukan da suka manne da danƙon dabino, akwai kuma wanda akuya ta ɗanɗana kusurwarsa. Ya iya karanta kalmomin littafin tsaf, amma bai taɓa tambayata me suke nufi ba. Na taɓa cewa in nuna masa yadda umarnin ke aiki, ya ce shi ba ruwansa da abin da mutum yake nufi, yadda ya rubuta shi ne nasa.

Wajen shafi na ɗari biyu da hamsin abin ya fara canzawa. Ya riga ya koma amfani da gilashin ƙara girman rubutu, shafi biyun nan kuma sai su kai mu har kiran magariba. Wata rana ya yi zane a gefen wani layi, na duba, na sake dubawa, babu komai. Na ɗauka gajiya ce. Washegari biyu irin haka. A ƙasansu kuma ga wata fot ƙuru-ƙuru, wadda ko ni na gani, regil ya bi ta kanta ya wuce.

Na rasa yadda zan yi. In ce masa Mushe, babu komai a nan? Mutumin da garin nan duka ya sani da ido? Sai na zaɓi abin da na ɗauka tausayi ne. In ya yi zanen banza, in ɗan ɓata lokaci, in ce na gano ta, in ɗauki kowace kalma daga layin in kwafe sau goma. Waɗanda ya tsallake kuma in gyara su a ɓoye in aika. Mako uku ina haka, har ina yaba wa kaina.

Ran nan ya miƙo mini shafi da zane ɗaya tak. Na yi ɗan jim kamar ina nema, na ce, "Yauwa, ga ta," na jawo kaye.

"Ka gan ta?"

"Na gan ta, Mushe."

"Tun hantsi nake kan layin nan a cikin rana," ya ce a hankali. "Sau goma sha biyu na bi shi harafi-harafi. Babu fot a cikinsa. Da gangan na yi zanen." Ya cire tabarau ya ajiye. "Tun yaushe kake yi mini ƙarya, Ba'adare?"

Da ya yi mini faɗa da Faransanci yadda ya saba, da ya fi mini sauƙi. Da Hausa ya yi maganar, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya fara zargi ne da ya ga na daina gardama, don tun da ya san ni ban taɓa yarda da abu ba sai na yi musu. Ya ce yara da yawa sun yi masa ƙarya don tsoron bulala, bai riƙe su ba, amma ba a taɓa yi masa ƙarya don an ga ya zama abin tausayi ba sai yau. Ya rufe littafin, ya aza regil a kai, ya shige gida. Shayin ranar zubar da shi na yi.

Kwana tara ba a shimfiɗa tabarma ba. In mun haɗu a masallaci mu gaisa, shi ke nan. Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba, na ce a raina wannan tsoho bai san alheri ba. Daga baya haushin ya dawo kaina, don na gane ba shi na tausaya wa ba, kaina na hutar da faɗin magana mai nauyi. Ana cikin haka takardar afektasiyo ta zo, an mayar da ni Tawa, wata guda ya rage mini. Littafi kuma saura shafi talatin da wani abu.

A rana ta goma na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa.

"Mushe, na yi laifi, ku yafe mini. Gaskiyar ita ce, a shafi arba'in na baya kun yi zane goma sha ɗaya inda babu komai, kun tsallake shida."

Sai ya ce, "Goma sha ɗaya da shida. To, yanzu ka yi magana irin ta mutane."

Muka yi sabuwar yarjejeniya. Sauran shafukan ni zan riƙa karanta masa, harafi-harafi, yana saurare da ido rufe, in ya ji abin da bai yi masa ba ya buga regil a tabarma. Bai so hakan ba, ya ce wannan aron ido ne, amma ya haƙura. Shafin ƙarshe kuwa ya ce ko zai kwana bakwai a kai, shi zai karanta da kansa.

Dabara ta zo mini a ofis. Na ɗauki shafin ƙarshen na ƙara girman haruffansa, har kowane harafi ya kai kan babban yatsa, kalma huɗu ko biyar a takarda guda. Shafi ɗaya ya koma takarda arba'in da biyu. Lahadin ƙarshe kafin tafiyata muka gangara garka da su. Ya zauna a inda rana ke faɗowa tsakanin dabinai, ya fara daga takarda ta ƙarshe yana komawa baya, idonsa yana ruwa yana sharewa da hannun riga. Daga hantsi har azahar yana kai. A takarda ta goma sha bakwai ya tsaya, ya koma ta sha takwas, ya dawo, sannan ya yi ɗan jan zane a gefe. Ya ci gaba har ta farko, ya rufe bik.

"Ɗaya ce. Nemo ta."

Na karanta takardar sau uku. Kalma biyar ne, kowace lafiyarta lau.

"Mushe, ban gan ta ba."

"Tana nan."

"Wallahi ban gan ta ba."

"Na ji, kuma na gode da ba ka ce ka gani ba. Amma tana nan."

Muryarsa ba ta da ƙarfin da na sani. Na tattara takardun na sa a jaka, a raina ina cewa zanen banza na goma sha biyu ke nan. Haka na bar Gure. Inna ta cika mini buhu da dabino, shi kuma ya rako ni har bakin titi yana riƙe da kafaɗata, don lokacin ya fara lalube.

A Tawa aiki ya sha kaina. Muna waya lokaci-lokaci, mu gaisa, ya tambayi iyali, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Inna ta gaya mini ganin ya tafi gaba ɗaya, sai dai ya bambance rana da inuwa.

Bayan wata goma sha huɗu, wata Asabar da safe ina kwashe kaya don ɗaki ya yi yoyo, takardun nan suka zubo daga cikin jaka. Na zauna a ƙasa ina jera su. Ban san me ya sa ba, na ɗauko regil, na fara daga ta arba'in da biyu ina komawa baya, kalma ɗaya-ɗaya, yadda na yi wata da watanni ina yi masa dariya. Na gama ta sha takwas na ɗauki ta sha bakwai, sai hannuna ya tsaya. Wata 'yar ƙaramar kalma ce aka rubuta sau biyu, ɗaya a ƙarshen wannan takarda, ɗaya a farkon waccan. Na buɗe littafin a na'ura, ga ta nan zaune, duk masanan nan da ni kaina mun yi ta bi ta kanta muna wucewa.

Nan take na kira Gure. Inna ta ɗauka, ta kai masa.

"Mushe, na gano ta."

"Wace?"

"Ta takarda ta goma sha bakwai. Tana nan. Sau biyu aka rubuta kalmar."

Sai na ji ya ɗaga murya yana gaya wa Inna wani abu da Barbarci, na ji ta tana cewa alhamdu lillahi. Sannan ya dawo kaina.

"Ba'adare, tun ranar nan nake tambayar kaina ko idon ne ya ninka mini ita. Ban gaya wa kowa ba." Ya yi gyaran murya. "Wata nawa ke nan?"

"Goma sha huɗu, Mushe."

"Zero. Kayen yana nan?"

"Yana nan."

"Sau goma."

Bayan ya kashe wayar na aika wa masu kula da littafin gyaran, na lalubo kayen a ƙasan akwati. Harafi biyu ne kalmar duka-duka, amma sai da na tsaya share ido sau biyu kafin in kai ta goma.